Yadda Za Ka Sa Mazan Layinku Su Yarda Sun Yi Tumbi

Ɗan'uwa, gyara zama. In dai ka fara koyon rubuta manhajar kwamfuta, ko da makonka uku da farawa, kuma Allah ya sa akwai tela a gidanku, to ga alkawari na ɗauka maka: bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kafin wata biyu za ka ga dattawan layinku, masu furfura da mutunci, suna sassarfa a bakin titi da sassafe suna haki. Ba magani, ba asiri, ba ka ƙara wa kowa ko loma ɗaya ba. Ni na gwada da kaina, a shagon mahaifina, kuma sakamakon ya wuce yadda na zata.

Mataki na 1: Nemo littafin da ya girme ka

Baba tela ne, shekara talatin da bakwai yana yi wa maza ɗinki a shago mai ɗaki ɗaya: baƙin keken ɗinki mai feda, teburin yanka da ya sha alli, madubi mai tsaga a kusurwa, da kanta ɗauke da littattafan awo goma sha ɗaya. Kowane kwastoma da shafinsa.

Kula da yadda tsohon ke aiki, don nan ne abin yake. Zai zagaya tef a ƙugun mutum, ya faɗi lamba da ƙarfi, ya rubuta ta a gaban mai ita. Sai mutumin ya fita, ya sha kwana, sannan Baba ya ƙara 'yan kalmomi a gefen lambar da ƙananan haruffa.

Ɗauki misalin Hedimasta, shugaban makarantar da ke ƙarshen layinmu. Duk ranar awo sai ya haɗiye numfashi, ya tsuke ciki har jijiyar wuyansa ta tashi, ya ce, "Talatin da takwas ɗin nan dai, ko Tela?"

Baba ya ce, "Ita ce, ranka ya daɗe."

A shafinsa kuwa ga abin da ke rubuce: "38, a ƙara uku, kada a gaya masa."

Yanzu jira ranar da tsohon zai kai littafi kusa da hanci, ya janye, ya goge tabarau, ya yi tsaki. Nan ne za ka miƙe, ka gyara murya, ka ce, "Baba, wahalar nan ta ƙare. Zan zuba duk littattafan nan cikin kwamfuta."

Zai dube ka ta saman tabarau ya ce, "To, Injiniya." Kada ka damu da yadda ya ja sunan. Rabi zolaya ne, rabi kuma alfahari.

Mataki na 2: Kwafe komai cikin akwati ɗaya

Buɗe wa kowane awo akwati guda a manhajarka, ka danna masa duk abin da ka gani a shafi, lamba da kalmomi a haɗe. Kada ka tsaya rarrabewa. Masu rarrabewa ba su yarda da kansu ba ne.

Za ka ci karo da abubuwa iri-iri. "15 da rabi." "40, kafaɗar hagu ta fi ƙasa, ya taɓa karyewa." "36, a saki ciki, ba ya son a ga tabon aikin asibiti." Kwafe ka wuce, kai ba tarihi ka zo rubutawa ba.

Idan ka faɗo kan naka shafin, kamar yadda na faɗo kan nawa, ka daure. Tun ina shekara huɗu Baba ke auna ni, kuma kowace lamba da jelarta iri ɗaya: "20, a bar masa wuri, bai gama girma ba." "27, a bar masa wuri, bai gama girma ba." Har awon bara, ina da shekara ashirin da tara da gemuna: "34, a bar masa wuri, bai gama girma ba." Wallahi abin ya sosa mini rai. Na yi tsaki na kwafe, na ce a raina za mu gani.

Mataki na 3: Zaɓi umarnin da ba ya gardama

Ga darasin da malaminmu ya yi mana, wanda na ji rabinsa don ina duba waya. A wurin kwamfuta, 38 iri biyu ce. Akwai 38 ta rubutu, wadda zane ce kawai, haruffa biyu a jere, ba ta da bambanci da "to" ko "af". Akwai kuma 38 ta lissafi, wadda ake iya tarawa da rabawa. Duk abin da ka buga da yatsunka, a matsayin rubutu yake shiga. Tela kuwa sai ya raba ƙugu gida huɗu kafin ya sa almakashi, saboda haka dole ka juya rubutun ya koma lamba.

Umarni biyu ne ke wannan aiki. Na farko mai taurin kai ne. Ka ba shi "38", ya karɓa. Ka ba shi "38, a ƙara uku", ya tsaya cak, ya watsa maka jan rubutu a fuska, wai wannan ba lamba ba ce. Sau ɗari biyu da sha huɗu ya yi mini haka a rana ɗaya.

Na biyun ɗan albarka ne. Yana fara karatu daga hagu, ya tsinci lambobi, da ya ci karo da abin da ba lamba ba sai ya tsaya, ya miƙo maka abin da ya tsinta, bai ce uffan ba. Ɗauki wannan. Jan rubutu zai ɓace ɗungum, zuciyarka ta yi sanyi.

Hikimar masana: idan kwamfuta ta yi shiru, ta gane ne. Kada ka tambayi inda sauran kalmomin suka tafi. Ni ma ban tambaya ba.

Mataki na 4: Buga da manyan haruffa

Sa manhajar ta yi rabon da kanta, ta fitar da takarda mai lambobin yanka kaɗai, manya-manya, yadda ko daga bakin ƙofa za a karanta. Kada lambar asali ta fito, balle kalmomi. Tsabta ita ce ado.

Ranar farko Baba ya riƙe takardar a nesa, ba tabarau, ya karanta tsaf. Dariyar da ya yi har Umma ta jiyo daga cikin gida. Ya ce mata, "Zo ki ga abin da ɗanki ya yi, ya mayar mini da idona!"

Ji daɗin wannan lokacin sosai, don ba zai daɗe ba.

Da ya shimfiɗa yadin Hedimasta ya ja alli, sai ya dakata, ya karkata kai. "Injiniya, kamar wandon nan ya yi ƙanƙanta."

Nan ake gane gwani. Kada ka duba, kada ka yi jim. Harɗe hannu ka ce, "Haba Baba, kwamfuta ba ta kuskure."

Zai dubi allin, ya dubi takardar, ya murza ido. Sannan ya ce, "To, ƙila ni ne," ya sa almakashi.

Mataki na 5: Tanadi bayani kafin a tambaye ka

Hedimasta zai zo gwaji. Zai shige bayan labule, ka ji nishi, ka ji an yi shiru, ka sake jin nishi. Can ya fito riƙe da bakin wando da hannu biyu, maɓalli na gabas, ƙofarsa na yamma.

"Tela, me ke nan? Shekara goma sha biyu ina talatin da takwas!"

Kafin Baba ya buɗe baki, kai ka riga shi. Juyo da allon kwamfutar ka nuna lambar. "Ranka ya daɗe, ga ta nan, talatin da takwas cif aka yanka. Sai dai ko jiki ne ya ɗan samu ci gaba."

Lura da kyau, ba ka yi ƙarya ba. Wannan shi ne daɗin sana'ar.

Hedimasta ya juya gefe a gaban madubi, ya shafa ciki, fuskarsa ta faɗi. "Na faɗa wa matar nan ta rage mai a girki," in ji shi.

Da yammacin ranar na zauna na gwada umarnin nan nawa ɗan albarka. Na ba shi "38, a ƙara uku, kada a gaya masa." Ya miƙo mini 38. Na ba shi "15 da rabi." Ya miƙo 15. Ashe duk abin da Baba ya sani game da mutanen nan, umarnin ya zubar da shi a shara, ni kuma na tafa masa.

Idan ka kai nan, rufe kwamfutar a hankali. Je ka sha ruwa. Kada ka gaya wa kowa.

Mataki na 6: Ƙarfafa wa masu motsa jiki gwiwa

Cikin mako uku za ka ga amfanin gona. Direban bas ya kasa rufe wuyan rigarsa. Mai kantin magani ya tsuguna ɗaukar biro, wando ya yi magana a gaban kwastomomi. Kowa ya zo shago, nuna masa lambarsa a allo, lambar da shi da bakinsa ya shekara yana rantsuwa da ita. Wa zai yi musu?

Hedimasta, da yake shugabanci a jininsa yake, ya kafa ƙungiyar sassarfa. Ƙarfe shida na safe za ka gan su su bakwai, shi a gaba da usur, Direba a baya yana riƙe da haƙarƙari. An daina sa sukari a shayi. Matan layi suka shiga uku, kowacce ana tuhumar tukunyarta.

Fito ƙofar gida ka ɗaga musu hannu. Ce musu, "Sannunku da ƙoƙari, har kun fara faɗawa!" Ladan ƙarfafa gwiwa ba kaɗan ba ne.

Abu ɗaya kawai za ka kauce wa: kada ka kalli Baba lokacin da ake dawo da kaya. Mutumin da a shekara talatin da bakwai ba a taɓa dawo masa da ɗinki sau biyu a wata ɗaya ba, yanzu ga tsibi a kan tebur. Sai dai ya ɗauki abin farke ɗinki ya duƙufa.

Mataki na 7: Gyara a ɓoye

Zuciya za ta fara damunka. Kada ka biye mata har ka je ka yi bayani. Mai ilimi gyara yake a asirce.

Za ka so ka koya wa kwamfuta ta fahimci kalmomin Baba. Ba za ta iya ba. Wani wuri ya rubuta "a ƙara uku", wani wuri "a sake masa", wani wuri "kamar na wansa". Wane ne wansa? Baba kaɗai ya sani, kuma shi ne mutum ɗaya da ba za ka iya tambaya ba.

Saboda haka yi abin da na yi. Layi ɗaya tak: kowane ƙugu, a ƙara masa uku. Adalci ke nan, ba wanda aka fifita.

Sai ga Mai Aski, aminin Baba tun suna samari, siriri kamar tsinken tsintsiya, mutumin da bai taɓa ɓoye ko rabin inci ba a rayuwarsa. Shafinsa "30" ne kawai, ba jela. Ya sa sabon wando, ya saki hannu, wando ya sauka har gwiwa.

Bai yi dariya ba. Ya zauna a benci ya ce da ƙaramar murya, "Tela, gaya mini gaskiya, ramewa nake? Haka yayana ya fara."

Washegari ya rufe shago ya tafi asibiti a auna jininsa. Garin neman gira an rasa ido, amma kada ka karaya, saura ƙiris.

Mataki na 8: Yi kamar ba ka ga ƙyallen ba

Wata safiya za ka shigo shago ka tarar an lulluɓe keke da ƙyalle. Almakashi na cikin kube. Tef ɗin da kullum ke rataye a wuyan Baba, har wanka sai Umma ta tuna masa ya cire, an naɗe shi an ajiye a kan tebur.

Baba na zaune a bencin kwastomomi, ba a kujerarsa ba.

"Injiniya, zauna. Na yi tunani. Da matsewa kaɗai ake yi, sai in ce mutane ne suka yi ƙiba. To ga na Mai Aski ya yi yawa. Lambobinka daidai suke, kwamfuta ba ta kuskure. Saura wa? Idona ne, ko hannuna. Ina ganin layi a nan, ashe a can yake." Ya kalli tafin hannunsa. "Gara in bari da kaina, kafin a fara cewa tsohon nan ya rikice. Ka rubuta mini sanarwa da manyan haruffan nan naka, a liƙa a ƙofa."

Umma na tsaye a bakin ƙofar cikin gida, ta kama labule. Ba shi take kallo ba, ni take kallo. Uwa ba ta san kwamfuta ba, amma ta san fuskar ɗanta tun ranar da ya fasa tulu ya ce kyanwa ce.

Ga nasara ta zo har gida. Ba wanda ya zarge ka, ba wanda zai taɓa zarginka. Buga sanarwar, ka ci gaba da zama Injiniya. Abin da ya rage kawai shi ne ka liƙa ta a ƙofa.

Mataki na 9: Ɓata duk abin da ka gina

Gaskiya ban so sa wannan mataki ba, don yana zubar da darajar jagorar nan. Amma ni a nan na faɗi, kuma ina kyautata zaton kai ma a nan za ka faɗi.

Na ɗauko kwamfutar na durƙusa a gabansa. Na buga shafin Hedimasta yana kallo, na nuna masa abin da ya shiga da abin da ya fito. Na gaya masa zancen jan rubutun da na kashe, da ukun da na ƙara wa kowa. Na ce, "Baba, ba idonka ba ne. Ni ne. Kuma na sani tun ranar wandon Hedimasta."

Ni dai na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai sauka.

Ya ce, "Wato ranar da na ce wandon ya yi ƙanƙanta..."

"Daidai ka gani, Baba."

"Da ido? Ba tef?"

"Da ido."

Ya cire tabarau ya goge fuska da hannun riga. Na ɗauka faɗa zai biyo baya. Sai ya juya wajen Umma, ya buga cinya. "Kin ji ko? Kashi uku cikin huɗu na inci, a kan alli, daga tsaye!"

Sannan ya dawo kaina, fuska ba wasa. "Kuskuren bai dame ni ba, kowa na yanka yadi ba daidai ba. Shirun ne. Wata guda kana kallona ina zargin idona." Wannan maganar har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. "Tashi ka je ka samu Mai Aski kafin tsoro ya kashe shi. Da bakinka za ka gaya masa."

Na je. Mai Aski ya bi ni da tsintsiya har bakin titi, yana zagi yana hamdala.

Mataki na 10: Akwati biyu

Gyaran gaskiya ba shi da wani armashi. Akwati ɗaya na lamba, wanda ba ya karɓar komai sai lamba, har da rabi da kwata. Akwati na biyu na rubutu, wanda ba a juya shi, ba a taɓa shi, ana buga shi yadda yake a ƙasan takarda. Ka dawo da umarnin nan mai taurin kai, in ya yi ja ka tsaya ka saurare shi. Sannan ka zauna kusa da tsohon mako biyu, shafi bayan shafi, yana gaya maka wane ne wan wane.

Na ce, "Baba, su Hedimasta fa? In je in gaya musu?"

Ya zare ido. "Ka gaya musu me? Shekara goma sha biyu ina rufa wa mutum asiri, kai za ka tone a yini ɗaya?"

Aka farke wandon Hedimasta aka ƙara masa faɗi, ya zo ya saka, maɓalli ya shiga salin-alin. Ya daki ciki a gaban madubi ya ce, "Ka ga amfanin sassarfa, Tela! Na koma talatin da takwas ɗina."

"Ka koma, ranka ya daɗe."

Da muka kai shafina, Baba ya ciro tef daga wuya ya ce in miƙe. Ya zagaya, ya ce da ƙarfi, "Talatin da huɗu," ya rubuta. Sai ya tsaya yana kallona da biro a hannu.

"Je ka sayo mini zare baƙi."

Akwai zare baƙi kwali guda a kanta. Na fita dai.

Ya manta, ko kuma bai manta ba, cewa ni ne mai kwafe littafin. Da yamma na buɗe shafin. Ga abin da ke gefen lambar, da ƙananan haruffan nan nasa: "34 cif. Ya gama girma. Kada a gaya masa."

Na sa 34 a akwatinta, na sa sauran a nasa akwatin, ban rage ko ɗigo ba.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk wani maɓalli da ya tsinke, wando da ya yage, gwiwa da ta kumbura a sassarfa, ko matar aure da aka zarga da yawan mai. Wanda ya bi matakan nan ya sha tsintsiya, bayansa ne. Wanda ya tsaya a mataki na takwas, shi da Allahnsa. Idan ka haɗu da Hedimasta da usur ɗinsa, talatin da takwas ne, ka gaishe shi ka wuce. Idan kuma ka biyo ta shagonmu ka tarar da wani tsoho a kan keke da tef a wuya, kada ka ce masa ka karanta wannan. Ni ban ga komai a shafina ba, ba a gaya mini ba.